Na'urar GPS ta Hannu: Amfaninta da Iyakarta a Tafiyar Sama da ta Ƙasa

Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 1925 ne jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar sun ratso Sudan da Chadi da Maiduguri. Matuƙansu ba su da abin nuna hanya sai kamfas da agogo da taswirar takarda, sai kuma idanunsu. Haka su ma madugan ayarin da ke zuwa ɗaukar gishiri a Bilma, taurari da duwatsu da rijiyoyi ne alamominsu. A yau kuwa, wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba tana iya gaya wa mutum inda yake a doron ƙasa, kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba.

Ganin yadda direbobi da ma'aikatan safiyo da malaman gona da jami'an lafiya masu shiga karkara da ɗaliban tuƙin jirgi ke ƙara dogaro da wannan na'ura, mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin yadda take aiki da kuma inda aikinta ya tsaya. Dalili kuwa shi ne, na'urar ta san inda mutum yake, amma ba ta san abin da ke tsakaninsa da inda ya nufa ba. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Asalin tsarin

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ƙirƙiro tsarin GPS domin amfanin sojojinta, kuma an harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin a shekarar 1978. A ranar 1 ga Satumba, 1983, wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce hanyarsa ya shiga sararin samaniyar Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutane 269 da ke ciki suka hallaka. Bayan wannan ne Shugaba Ronald Reagan ya bayyana cewa za a bar farar hula su yi amfani da tsarin idan ya kammala. An cika taurari 24 a shekarar 1993, aka kuma ayyana cewa tsarin ya kankama sosai a 1995.

Na'urar hannu ta farko da aka sayar wa jama'a ita ce Magellan NAV 1000, wadda ta fito a 1989. Sai dai a wancan lokaci da gangan ake gurɓata siginar da farar hula ke samu, ta yadda kuskure kan kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin daina wannan a watan Mayun 2000. A yanzu, a fili mai buɗaɗɗen sama, na'ura mai kyau kan nuna wuri da kuskuren da bai cika wuce mita 5 zuwa 10 ba. Haka kuma ba Amurka kaɗai ke da irin wannan tsari ba: Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo wanda ya soma aiki a 2016, Sin kuma na da BeiDou wanda ya game duniya a 2020. Sababbin na'urori da dama na sauraren fiye da tsari ɗaya a lokaci guda.

Yadda na'urar ke gano wuri

Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana kuma aiko da saƙo ba dare ba rana mai cewa: ga inda nake, ga lokacin da na aiko wannan saƙo. Da yake saƙon na tafiya da saurin haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sai na'urar ta auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya iso, ta haka ta san nisanta da tauraron. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300 a lissafi. Saboda haka ne na'urar ke buƙatar taurari huɗu aƙalla: uku domin gano wuri, na huɗu domin gyara agogonta wanda bai kai nasu inganci ba.

Abubuwa biyu sun fito daga wannan bayani. Na farko, na'urar tana buƙatar ganin sama. Gajimare da hazon hunturu ba sa hana ta aiki, amma rufin gini da kogon dutse da dogayen benaye da duhuwar itatuwa suna raunana siginar ko su toshe ta. Na biyu, kuma wannan ne jama'a suka fi jahilta, na'urar GPS zalla sauraro kawai take yi, ba ta aika komai. Babu wani tauraro ko ofis da ya san inda mai riƙe da ita yake.

Karanta lambobin wuri

Na'urar tana bayyana wuri da lambobi biyu, wato lambar arewa da lambar gabas, ga mu da ke wannan yanki na duniya. Birnin Kano, alal misali, yana wajen digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, ana raba shi minti 60, kowane minti mita 1,852 ke nan, kowace daƙiƙa kuwa kusan mita 31.

A nan ne kuskure ya fi aukuwa, domin akwai hanyoyin rubuta lambar fiye da ɗaya. Idan wani ya aiko da digiri 11 da minti 30, mai karɓa kuma ya shigar da 11.30 a na'urar da aka saita a kan digiri da ɗigo, to ya kauce da kusan kilomita 22, domin minti 30 rabin digiri ne, wato 11.50. Don haka duk wanda zai ba wani lambar wuri, ya gaya masa salon da aka rubuta ta, mai karɓa kuma ya maimaita masa ita.

Bugu da ƙari, akwai batun tushen awo. Na'urar GPS tana aiki da tushen da ake kira WGS 84, alhali tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an zana su ne a kan tushen Minna. Wuri ɗaya kan bambanta tsakanin tushen biyu da kusan mita 80 ko fiye. Ga direba wannan ba wani abu ba ne, amma ga mai neman iyakar gona ko labi ko filin gini, mita 80 sun isa su haddasa shari'a tsakanin maƙwabta. Ya kamata a sani cewa na'urar hannu ba ta maye gurbin awon ma'aikacin safiyo mai lasisi.

Amfani da ita a tafiyar ƙasa

Manyan ayyukan na'urar a ƙasa uku ne. Tana adana wuri, kamar rijiya ko mararraba ko gidan mai gari, a ba shi suna. Tana zana sawun da aka bi, ta yadda za a iya komawa ta kansa. Tana kuma nuna kibiya da nisan da ya rage zuwa wurin da aka zaɓa. Ga tawagar rigakafi ko ma'aikatan rijiyoyin burtsatse da ke shiga rugage da ƙauyukan da ba su cikin taswira, adana wuri da sawu yana sauƙaƙa wa waɗanda za su biyo baya.

To amma kibiyar miƙaƙƙen layi take nunawa, kamar tafiyar tsuntsu. Ba ta san gulbi ya kawo ba, ba ta san fadama ta jiƙe ko kwalbati ya rufta ba, ba ta kuma san hanyar da ba ta da tsaro a wannan mako ba. Ko na'urar da ke da taswirar tituna, abin da aka zuba mata kawai ta sani, kuma hanyar da mota ke bi da rani sau da yawa ba ta biyuwa da damina. Haka nan, na'urar da ba ta da kamfas a cikinta ba ta sanin inda mutum ya fuskanta sai yana tafiya. Idan ya tsaya, kibiyar na iya juyawa ta ruɗe shi. Saboda haka tambayar mutanen gari da direbobin tasha tana nan da matsayinta, domin matambayi ba ya ɓata.

A hamada kuwa, lamarin ya fi tsanani. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutane 92, mafi yawansu mata da yara, a arewacin Nijar kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Darasin da ke cikin wannan abin baƙin ciki shi ne, idan mota ta tsaya a inda babu ruwa, sanin wuri kaɗai ba ya ceton rai sai an sami hanyar isar da shi ga mai kawo ɗauki. Mai irin wannan tafiya yana buƙatar wayar tauraron ɗan'adam kamar Thuraya, da ruwa da mai fiye da lissafinsa, da mota ta biyu, da kuma ɗan jagora wanda ya san ƙasar.

Game da wayar salula, ita ma tana da GPS a cikinta, kuma yana aiki ko babu sabis, muddin an sauke taswirar tun a gari. Fifikon na'urar hannu shi ne jure ƙura da ruwa da faɗuwa, kuma da yawa daga cikinsu suna aiki da batirin da ake samu a kowane kanti.

Amfani da ita a tafiyar sama

Ga matuƙin ƙaramin jirgi da ke tafiya bisa ganin ido, na'urar hannu babbar mataimakiya ce. Tana nuna masa ko iska ta ture shi daga layinsa, da nisan filin jirgi mafi kusa, da lokacin da zai isa, wanda ke taimaka masa wajen lissafin mai. Sai dai ƙa'idar tuƙi ta ɗauke ta a matsayin mai taimako kawai. Tafiya cikin gajimare ko sauka bisa na'ura na buƙatar kayan da aka girka a jikin jirgi aka kuma tantance su, domin irin waɗannan suna binciken kansu su yi gargaɗi idan lissafinsu ya gurɓace, abin da yawancin na'urorin hannu ba sa yi.

Akwai wurare huɗu da ya kamata a kiyaye. Na farko shi ne tsayi. Jirage suna rabewa da juna a sama ne bisa ma'aunin tsayi mai aiki da matsin iska, wanda ake saitawa da lambar da hasumiya ta bayar. Tsayin da GPS ke nunawa daban yake, kuma kuskurensa ya fi na wuri. Na biyu shi ne sauri. GPS saurin jirgi a kan ƙasa yake nunawa, alhali saurinsa a cikin iska ne ke riƙe shi a sama. Jirgin da ke keta iska da kilomita 180 a sa'a, idan iska mai kilomita 40 na tura shi daga baya, na'urar za ta nuna 220, idan kuma daga gaba take, ta nuna 140. Matuƙin da ya rage gudu saboda lambar GPS na iya jefa kansa cikin haɗari.

Na uku shi ne bayanan da ke cikin na'urar. Ana sabunta bayanan hanyoyin sama na duniya duk kwana 28, kuma tsohon bayani na iya kai matuƙi cikin yankin da aka hana shiga. Shigar da suna ma na buƙatar natsuwa. A watan Disambar 1995, matuƙan wani jirgin American Airlines da ke shirin sauka a Cali ta ƙasar Kolombiya sun zaɓi wurin da ba shi ba a kwamfutar jirgin, ya karkata ya bugi dutse, mutane 159 suka mutu. Idan hakan ta faru da ƙwararru masu manyan na'urori, ina ga mai danna 'yar na'ura a bisa cinyarsa? Na huɗu kuwa shi ne toshe sigina. Siginar GPS tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, kuma tun daga 2022 matuƙa sun yi ta ba da rahoton toshewa da siginar bogi a Gabas ta Tsakiya da yankin Bahar Aswad da na Baltik. Wannan ya sa har yanzu ake riƙe da na'urorin rediyo na ƙasa irin su VOR da ILS.

A yankinmu, jarrabawar ta fi zuwa ne da hunturu, lokacin da hazo kan rufe sararin Kano da Maiduguri da Sakkwato har a soke tashin jirage. Matuƙi na iya ganin filin jirgi ƙarara a fuskar na'urarsa, zuciya ta raya masa ya ci gaba. Amma na'urar ba ta ƙara masa ko taku ɗaya na nisan gani ba, ba kuma lallai ta nuna masa turakun sadarwa da wayoyin lantarki ba. Rahoton hukumar NiMet da ƙa'idojin hukumar NCAA da umarnin hasumiya su ne abin bi. Fasinja kuma da ke son kunna tasa na'urar a jirgin haya, ya nemi izinin ma'aikatan jirgin tukuna, domin dokokin kamfanoni sun bambanta.

Kammalawa

Muna kira ga duk mai amfani da wannan na'ura da ya koyi aiki da ita a unguwarsu kafin ranar buƙata, ya duba salon lambobi da tushen awo da ma'aunin nisa da aka saita, ya adana wurin da ya taso tun kafin ya motsa, ya kuma riƙe batirin ko-ta-kwana da kamfas da taswirar takarda. Ya sanar da wani hanyar da zai bi da lokacin da ake sa ran isarsa. Idan kuwa abin da na'ura ta faɗa ya saɓa da abin da ido ke gani, ko da abin da ɗan gari ya faɗa, to a tsaya a bincika kafin a ci gaba, domin da ɗan gari akan ci gari. Allah Ya kiyaye hanya.