Daga Ina Abincinka Ya Fito?

Tuwon dawa da miyar kuka na gida da taliyar da mai shayi ya dafa a bakin titi duk suna ƙosarwa, amma ba ɗaya suke a jiki ba. A gida uwargida ce ke auna gishiri da mai, ta jefa daddawa, ta yanka alayyahon kasuwa. Mai sayarwa kuwa ɗanɗano yake bi don a dawo gobe, shi ya sa yake zabga magi da mai. Abincin kanti ya fi tayar da hankali: kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana. Iyaye, ku duba abin da yaranku ke saya da kuɗin tara.