Ran Uwa, Garkuwar Yaro

A gidan talaka na karkara, idan babba ya rasu, yaran da ya bari su ne suke biyan bashin rashin da jikinsu, kuma rashin uwa ya fi kowane muni. A yankin Matlab na ƙasar Bangaladash, masu bincike sun bi rayuwar yara sama da dubu ɗari daga 1982 zuwa 2005. Cikin yaran da uwayensu ke raye, kashi 89 cikin 100 sun kai shekara goma. Cikin waɗanda suka rasa uwa, kashi 24 kacal suka kai. Rasuwar uba kuwa kusan ba ta taɓa wannan lissafi ba. Dalilin a fili yake: jaririn da aka raba da nono sai a koma ba shi kunu ko madara da ruwa marar tsabta, gudawa ta biyo baya, tamowa ta ƙarasa shi. Wanda ya tsira ma yakan tashi da tabon abin. A Kagera ta ƙasar Tanzaniya, inda ƙanjamau ya yi ɓarna, an gano cewa marayun uwa sun girma da ƙarancin tsawo na kusan santimita 2, kuma karatunsu ya gaza na sauran da kusan shekara guda.

Wani zai ce ai ɗa na kowa ne, dangi ba sa barin maraya ya tagayyara. Akwai gaskiya a nan, domin bincike a ƙauyukan Gambiya ya nuna yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun abinci da lafiya. Amma kaka ba ta da nonon shayarwa, kuma kafin a kai mamaciya makwancinta, jinya ta riga ta cinye hatsin rumbu da awakin gidan. Zumunci yana rage raɗaɗi, sai dai hannun da babu komai a cikinsa iyakar taimakonsa kaɗan ne.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 sun nuna fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Saboda haka awon ciki, da ƙwararriyar ungozoma, da jinin ƙari, da motar kai mai naƙuda asibiti cikin dare, duk maganin yara ne tun kafin su kwanta ciwo. Duk kuɗin da aka kashe wajen ceton mai jego, jaririn da ke bayanta ne yake fara cin moriyarsa.