Bakin-tsintsiya, Kifin Zurfin Teku

Cibarakaten yana cikin hamada, a arewacin jihar Agadas, kusa da iyakar Aljeriya. Daga can zuwa teku mafi kusa ya fi kilomita 1,000. Yaran wurin sun san raƙumi da akuya, sun san kifi busasshe da ake kawowa daga kudu. Amma dabba mai ƙashin baya da ta fi kowace yawa a duniya ba ta zuwa kasuwa. Wani ɗan kifi ne da ke zaune a cikin duhun teku. Tsawonsa bai wuce na yatsa ba.

Kifin nan ba shi da suna a Hausa, domin masuntan kogin Isa da na tafkin Cadi ba su taɓa kama shi ba. Bakinsa babba ne, cike da haƙora siri-siri, a jere kamar tsinkayen tsintsiya. Saboda haka a darasin nan za a kira shi bakin-tsintsiya.

Danginsa

Masana suna rarraba dabbobi yadda ake rarraba mutane: ƙasa, jiha, gari, unguwa, gida. Bakin-tsintsiya yana cikin masu ƙashin baya, tare da mutum da raƙumi da kaza da ƙadangare. A cikinsu, ajinsa shi ne na kifaye masu ƙayoyi a fiffike. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa duk ƴan ajin nan ne. Gaiwa kuwa ajinta daban.

Daga aji sai rukuni. Rukuninsa shi ne Stomiiformes, na kifayen zurfin teku masu fitila a jiki. Daga rukuni sai dangi, wanda ake kira Gonostomatidae. Dangin ya kasu gida 8, irinsu duka ya ɗan wuce 30. Sunayen nan na Latin ne, don masanin Yamai da na Japan su gane kifi ɗaya suke nufi.

Gidan da aka fara ba suna shi ne Gonostoma. Wani masani, Rafinesque, ya raɗa masa sunan a 1810, bayan ya ga kifin a tekun Bahar Rum. Gidan da ya fi yawa shi ne Cyclothone, wanda Goode da Bean, masanan Amurka, suka ba suna a 1883. Jirgin bincike na Ingila, Challenger, ya zaga tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876, ya kamo kifin nan a tarunsa. Jirgin Jamus, Valdivia, ya bi ta gaɓar Afirka ta Yamma a 1898, ya samo sababbin iri.

Mazauninsa

Kogin Isa yana faɗawa tekun Atlantika a kudancin Najeriya. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, ruwa yana yin zurfi ƙwarai. Hasken rana yana da ƙarfi har zuwa mita 200. Daga nan zuwa mita 1,000 sai ɗan haske, kamar na bayan magariba. Ƙasa da haka duhu ne dare da rana.

Ramin uraniyom na Akuta, kusa da Arlit, wanda aka rufe a 2021, zurfinsa wajen mita 250 ne. Inda ramin nan ya ƙare, kusan daga nan mazaunin bakin-tsintsiya ya fara. Yawancinsu suna tsakanin mita 300 da mita 1,500. Wasu suna wuce mita 2,000, watau tsawon dutsen Bagazam ke nan idan an kife shi cikin ruwa. Can ƙasa ruwa yana da sanyi, wajen digiri 4. Nauyin ruwan da ke danne kifi a mita 1,000 ya ninka na iskar da ke danne mutum a tudu sau 100.

Jikinsa

Ƴan gidan Cyclothone ƙanana ne, yawanci santimita 2 zuwa 7. Manyan dangin suna kai santimita 30. Waɗanda ke sama-sama farare ne, har ana hango ƙashinsu. Na can ƙasa baƙaƙe ne.

A cikinsa, daga maƙogwaro zuwa wutsiya, akwai ɗige-ɗige a jere masu ba da haske, kamar maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Mai haƙar zinariya a Cibarakaten yana ɗaura tocila a goshi don ya gani. Shi bakin-tsintsiya yana kunna tasa don kada a gan shi. Ga yadda abin yake. Babban kifi da ke ƙasa yana duban sama, yana neman inuwar ƙaramin kifi a cikin ɗan hasken da ke saukowa. Idan cikin ƙaramin ya haskaka daidai da hasken saman, inuwarsa ta ɓace, maƙiyi ya wuce.

Abinci yana da wuya a zurfin teku, kamar ruwa a Tenere. Bakin-tsintsiya yana cin ƙananan halittu, dangin jatan lande, masu girman ƙwayar gero. Ba ya yawan gudu. Yakan tsaya shiru ya jira, abin da ya matso ya haɗiye. Haƙoransa suna hana abin kuɓucewa. Wasu kifayen suna hawa sama da dare su yi kiwo, su sauka da asuba. Yawancin ƴan Cyclothone ba sa wannan tafiya, suna tattalin ƙarfinsu.

Haihuwarsa

Mace ta fi namiji girma. A wasu iri namiji yana da hanci mai ƙarfi, da shi yake sunsuno mace cikin duhu. A wasu kuma kifin yana fara rayuwa namiji, idan ya girma ya koma mace. Dalili shi ne babban jiki ya fi ɗaukar ƙwai da yawa. Ƴaƴan suna fara girma kusa da saman ruwa, inda abinci ya fi yawa, daga baya su gangara.

Yawansa

Mutanen duniya sun kai miliyar 8 a 2022. Miliyar ɗaya miliyan dubu ce. Kaji sun fi miliyar 20. Bakin-tsintsiya kuwa, a kimantawar masana, ya wuce miliyar 100,000. Da za a raba, kowane mutum zai samu fiye da 12,000. Yawan nan ya samu ne domin teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na duniya, kifin kuma yana cikin Atlantika da Fasifik da tekun Indiya duka. Manyan kifaye suna cin sa, wasunsu kuma su ne abincin kifayen da masunta ke kamawa.

Tambayoyi

1. Waɗanne kifayen ƙasarmu ne ke aji ɗaya da bakin-tsintsiya?
2. Mene ne amfanin hasken da ke cikinsa?
3. Don me yawancinsu ba sa hawa sama da dare?
4. Zurfin mita 1,000 ya ninka na ramin Akuta sau nawa?
5. Ku auna santimita 7 a allo, ku zana kifin da fitilunsa.