Wasan Kwaikwayo Ba Wasa Ba Ne

Sau da yawa ɗalibai su kan tambaye ni, wai me mutum zai je jami'a ya koya game da wasan kwaikwayo, abin da ko yara ke yi lokacin tashe? To, ga amsata, domin malaman gobe su san amfaninsa.

Na yi karatuna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sa'ad da al'amura ke sakewa a ƙasar nan. An soma koyar da wannan fanni a can a 1975. A 1976 Gwamnati ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, yara suka cika makarantu maƙil, malamai kuwa suka yi ƙaranci. A 1977 aka kafa kwalejin horon manyan malamai ta Kafanchan, wadda daga baya ta koma Gidan Waya.

Kafin wannan zamani, abin da aka saba shi ne a ɗauko littafi, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, yara su haddace, su nuna wa iyaye ran bikin makaranta. Amma Michael Etherton, wani Bature da ya zo daga Zambiya, da abokan aikinsa irin su Salihu Bappa, suka kawo wata hanya dabam. Ɗalibai su kan tafi ƙauye su saurari abin da ke damun mutane, ko taki ne, ko ruwan sha, ko rashin asibiti. Sa'an nan su ƙulla labari a kai, su yi wasan a dandali da Hausa, kana a zauna a tattauna da jama'a. Haka aka yi a Soba a 1977, da Maska a 1979. Da tafiya ta yi tafiya, sai aka gane gara mutanen gari su shiga wasan da kansu, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Wannan darasi lalle ya dace da ƙasarmu. A aji guda a Kafanchan ka iya samun Bajju, da Atyap, da Ham, da Fantswam, da Hausawa, da Fulani, kowa da harshen gidansu. In za ka koyar da lissafi, mai da aji kasuwar citta: wannan ya sayar, wancan ya taya, wani ya ƙirga canji. Yaron da kunya ke hana shi amsa tambaya, sai ka ji bakinsa ya buɗe.

Akwai kuma abin da ya fi lissafi nauyi. Tun rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 mun ga abin da rashin fahimtar juna ke jawowa. In shanu sun shiga gona cikin wasa, sa ɗan manomi ya zama makiyayi, ɗan makiyayi ya zama manomi, sauran yara su zama dattawa masu sulhu. Wanda ya taɓa tsayawa a matsayin ɗan'uwansa, ko da na rabin sa'a ne, da wuya ya yi saurin zaginsa.

Amma a kiyaye abu biyu. Kada a kwaikwayi addinin kowa ko harshensa don a yi dariya. Kada kuma malami ya yanke hukunci shi kaɗai, ya bar yara su faɗi ra'ayinsu.

Ba a bukatar kuɗi, inuwar mangwaro ta isa. Ku jarraba in kun fita koyon koyarwa. Allah ya ba da sa'a, amin.