Inabi a Shekarar Zafi: Yadda Ake Tsamo Mai Armashi Cikin Wanda Ya Zarce Nuna

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, idan rana ta take a Keffi, tiren masu kayan marmari ne ke fara nuna alama. A unguwar Yara da bakin titin da ya nufi Abuja, mai saye zai tarar da inabi iri biyu: na cikin 'yan robobi da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, da kuma na gida, wanda manoman Kudan da ke kusa da Zariya suka yi suna wajen nomansa. Tambayar da aka fi yi wa mai tire ita ce, “Malam, yana da zaƙi?” Amma a shekarar da zafi ya yi yawa, zaƙi ba ya wuyar samu. Abin da ke ɓacewa shi ne ɗan tsamin nan da ke wartsake baki.

Dalilin yana cikin ƙwayar inabin. Tun tana ɗanya take ɗauke da sinadaran tsami guda biyu: tatarik, irin wanda ya cika tsamiya, da malik, irin na tuffa. Yayin da take nuna, sukari yana hawa, tsami yana sauka. Tatarik yana jure zafi, shi kuwa malik ƙwayar tana ƙone shi a matsayin abinci, kuma ta fi yin haka idan dare bai yi sanyi ba. Zafin da ya haura digiri 35 yana rage jan launin fata, sannan ruwan ƙwayar ya tsotse ta fara yamushewa. Sakamakon shi ne inabi mai zaƙi zaƙwai, mai gundura tun ba a ci da yawa ba.

Babu waɗanda suka bi diddigin wannan matsala kamar masu gonakin inabi na Faransa, domin a wurinsu yawan sukari yana nufin yawan barasa a jar giyar da suke yi, ƙarancin tsami kuma yana sa ta yi nauyi a baki. A watan Agustan 2003 ƙasar ta faɗa cikin zafin da ya hallaka mutane kusan 15,000, kuma a yankuna da dama aka fara tsinkar inabi tun cikin Agusta maimakon Satumba. A wannan shekara sai da hukuma ta yarda a ƙara tatarik a wuraren da ba su saba buƙatarsa ba. Garin Beaune na yankin Burgundy yana da tarihin ranakun girbi tun daga 1354, kuma binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa daga 1988 girbin ya matso gaba da kimanin kwana 13. A 2021 yankin Bordeaux ya samu izinin dasa sababbin iri shida, ciki har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal, saboda jurewar zafi.

Giya ba ta cikin lissafin yawancin gidajen Yara, amma darasin na 2003 ya shafi duk mai cin inabi. Gonakin da suka tsira a lokacin su ne na kan tudu inda dare ke sanyi, da masu ƙasar laka mai riƙe danshi, da tsofaffin itatuwa masu saiwa mai zurfi. Haka nan manoman da suka bar ganye ya yi wa 'ya'yan inuwa, suka kuma tsinka da wuri.

Irin wannan tudu da sanyin dare ne suka sa yankin Zariya ke da fifiko. Yana sama da mita 600 daga teku, kuma dararen hunturu na Disamba da Janairu suna da sanyin da ke tsare tsamin ƙwaya yayin da hasken rana ke tara mata sukari. Inabin da ya nuna cikin hunturu daban yake da wanda ya kai bazara a kan itace. Shekarar 2024 ta nuna iyakar abin: a ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, cikin zafin da ya mamaye Sahel har da arewacin Najeriya, ana tsaka da azumi, lokacin da kayan marmari suka fi kasuwa.

To, yaya mai saye zai yi? Ya fara da tsinken da ƙwayoyin ke maƙale a jiki. Idan kore ne mai laushi, ba a daɗe da tsinka ba. Idan ya bushe ya yi ruwan ƙasa, inabin ya sha hanya. Ya ɗaga nonon inabin ya ɗan girgiza: zubar ƙwayoyi alamar ya zarce. Farar hodar da ke kan fata ba datti ba ce, kariya ce ta halitta, kuma kasancewarta na nuna ba a yi ta jagwalgwala shi ba. Sai ya nemi ɗanɗano, ya zaɓi ƙwayar da ke can ƙasa, wadda galibi ta fi jinkirin nuna. Idan ta fashe ƙaras a haƙori, zaƙi ya zo, tsami ya biyo baya, an dace.

Kada kuma a sayi ɗanye da fatan zai nuna a gida. Mangwaro da ayaba suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, inabi kuwa ba ya ƙara zaƙi. Shi ya sa masu fitar da shi ƙasashen waje ke auna sukarinsa da 'yar na'ura kafin tsinka, inda ma'aunin da aka saba nema shi ne 16 a sikelin Brix, sannan a adana shi a sanyin da ya kusa digiri sifili.

Idan kuwa wanda ya zarce ne kawai a kasuwa, bai zama asara ba muddin bai fara ruɓa ko warin tsami ba. Uwargida za ta iya markaɗa shi, ta tace, ta zuba ruwan tsamiya ko lemon tsami kaɗan-kaɗan tana ɗanɗanawa, ba tare da ƙara sukari ba. Tatarik ɗin da ke cikin tsamiyar shi ne dai wanda Faransawa suka ƙara a 2003. A sanyaya ruwan inabin a sha a ranar, domin a zafin Keffi ruwan inabi mai yawan sukari yana saurin juyawa idan ya kwana ba firij.