Gajiyar malami da karatun yara naƙasassu

A Hawandawaki da sauran karkarar Tasawa da Mayahi, malamin lakwal guda yakan riƙe aji cike da yara. Wani ajin ma rumfar kara ce. Cikin yaran akwai wanda sanƙarau ya kurumtar, akwai wanda shan inna ya gurgunta, akwai mai raunin ido.

Waɗannan yara suna da haƙƙin karatu. A 1993 Nijar ta yi doka ta kare naƙasassu. A 2008 kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu.

To, mene ne ke gajiyar da malami?

Kurma yana karatu da maganar hannu. Makaho yana karatu da rubutun ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, wanda Louis Braille na Faransa ya fitar a 1829. Malamin ƙauye sau da yawa ba a koya masa ko ɗaya ba. Makarantun kurame suna Yamai, Maraɗi da Damagaram, nesa da ƙauye. Sai malami ya yi ta bayani, yaro bai gane ba. Ga yawan yara, ga ƙarancin littattafai.

Irin wannan gajiya ba lalaci ba ce. Alamunta su ne rashin barci, saurin fushi da yawan fashin aiki. In ta yi tsanani, malami yakan bar aikin. Yaro naƙasasshe shi ne ke fara cutuwa, don shi ya fi bukatar haƙuri.

Ga abin da gari zai iya yi:

1. Iyaye su gaya wa malami larurar ɗansu tun ranar farko.
2. A zaunar da kurma da mai raunin ido a gaba, kusa da allo.
3. Malami ya fuskanci kurma in yana magana, don ya ga bakinsa.
4. Yaran unguwa su riƙa raka gurgu da makaho, yau wannan, gobe wancan.
5. Kwamitin makaranta ya gyara ƙofar aji da hanyar makewayi, ya kuma nemar wa malami horo wajen hukumar ilimi.
6. A kai yara rigakafi, a kai mai ciwon kunne ko ido likita da wuri.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gari ya rage wa malami kaya, zai samu ƙarfin kula da kowane yaro.