Dalilin da Ya Sa Iskar Heliyam Ba Ta Kamawa da Wuta

Ƙonewa, a wajen masana kimiyyar sinadarai, haɗuwa ce tsakanin wani sinadari da iskar oksijin, inda ƙwayoyin zarrarsu ke musayar ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da cibiyar kowace zarra, har zafi da haske su fito. Oksijin na da kwaɗayin ilektiron ƙwarai, shi ya sa yake sa ƙarfe tsatsa, yake kuma cinye itacen murhu, amma da heliyam ba ya samun komai. Zarrar heliyam na da ilektiron 2 kacal, waɗanda suka cika zagayenta na farko tsaf, kuma ƙarfin da ake bukata kafin a fizge ɗaya daga cikinsu ya zarce na kowane sinadari, saboda haka ko an gauraya iskokin biyu an kusanto da ashana, babu abin da zai tashi.

Wannan taurin kai shi ne amfaninta. Bayan jirgin balan-balan na Jamus mai suna Hindenburg, wanda aka cika da haidirojin, ya ƙone ƙurmus a Amurka a 1937, heliyam ce ta zama abin dogaro a irin waɗannan jirage. Masu nutso cikin zurfin teku kuma suna shaƙar gaurayenta da oksijin. Haɗarinta na wani gefe ne: wanda ya shaƙi zallarta daga balan-balan don muryarsa ta siranta, ya kori oksijin daga huhunsa, yana iya suma nan take.